Kamu Ɗaya a Bangon Madam Mozel

Madam Mozel, wata tsohuwa Bayahudiya 'yar Penang, ita ce maƙwabciyar Hureira a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Danau Kota. Ita kaɗai ce kuma ƙawarta tun da mijinta Mika'ilu ya kawo ta wannan baƙuwar ƙasa ya nutse cikin karatun digiri na uku. Da za a yi wa tsohuwar aikin ido, sai ta bar wa Hureira makulli.

Hureira ta shiga gidan don ba furanni ruwa, abin da ya daɗe yana ci mata rai ya sake tsone mata ido. Daidai saitin ƙofa an bar wani wuri a bango, siminti tsurarsa, ba fenti.

"Dubi ha'inci!" ta ce wa mijinta da ta koma gida. "Mai fenti ya ga tsohuwa ba ta gani sosai, ya cuce ta."

"Ki bari ta dawo mana," in ji Mika'ilu, idonsa na kan kwamfuta.

Ba ta bari ba. Ta sayo fenti, ta shafe wurin har sau biyu.

Madam Mozel ta dawo da bandeji a ido ɗaya. Ta tsaya turus a bakin ƙofa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Anti."

"Ba ni makullina."

Kwana uku Hureira tana cika tana batsewa. A na huɗu ta je ta buga ƙofar da ƙarfi.

"Anti, gaya mini laifina!"

"Muna da Ɗakin Ibada a Urushalima," in ji tsohuwar. "An rushe shi, yau shekara kusan dubu biyu. Tun daga nan ba ma ƙarasa fentin gida, muna barin wuri don kada mu manta. Ubana ya bari a Penang, ni ma na bari a nan. Sai da na yi faɗa da mai fenti kafin ya yarda."

"To ai sai ki faɗa! Shekara biyu ina shan shayinki ina zagin bawan Allah a zuci!"

"Shekara biyu ba ki tambaya ba."

Hureira ta juya fuu. Ta dawo da wuƙar kicin, ta wuce tsohuwar ba sallama, ta hau kankare bango, farin gari yana zuba a kan hijabinta.

"Tsaya! Kamu ɗaya ne! Gidan duka za ki kankare mini?"

"To zo ki auna da kanki!"

Madam Mozel ta yi tsaki. Ta tura ƙofar ta rufe, ta zo ta ɗora gwiwar hannunta a bangon tana auna kamu ɗaya.