Ta Huɗu a Kan Takardar Wake

Warin wake mai ƙwari ba ya fita daga mayafi da wanki ɗaya. Sa'ada Haladu ta san haka, domin damina biyu ta yi a ɗakin ajiya na ofishin gona da ke Gwarzo tana zazzage wake a faifai, tana ware mai huji daga lafiyayye, ƙwarin suna bin hannunta har cikin riga. Daga wannan aiki aka fitar da takardar bincike, wata mujallar kimiyya ta buga. Sunaye huɗu ne a kanta. Alhaji Maikuɗi shugaban ofis ne a gaba, don ba a shiga gaban babba. Sai Dakta Hambali mai kula da bincike, sai Malam Ɗayyabu, wanda sau ɗaya ya leƙo ɗakin, ya toshe hanci da hularsa ya juya. Ita ce ta huɗu.

Da farko abin bai dame ta ba. Ko tuwo aka kwashe a gidansu, manya ake fara miƙa wa. Sai ranar da ta je ganawar neman aikin koyarwa a jami'a, wani farfesa ya ɗaga takardar ya ce, "Mun san aikin nan, na Maikuɗi da sauransu. Ke wace ce a ciki?" Ta sunkuyar da kai. Ba a ɗauke ta ba. An dai ce za a sake ɗiba baɗi, mai aikin da aka san shi da shi ya zo da shi.

Yanzu ga takarda ta biyu ta kammala. Dakta Hambali ya kira ta ofis, ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mutanen garinsu Kabo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo mata ƙa'idojin mujallar, hoton takarda da ya koɗe saboda ƙarancin tawada.

"Ki jera manazarta yadda suke so. Waɗannan mutanen, aya ɗaya ta kauce sai su dawo da takarda."

Ta karanta a tsaye. Sunan mahaifi a gaba, sai harafin farko na sunan yanka, sai shekara, sai sunan mujalla a karkace, sai shafi. Idan marubuta sun wuce uku, a rubuta ukun farko, a rufe da et al., wato da sauransu. A cikin rubutu kuwa na farko kaɗai ake ambata.

"Dakta," ta ce a hankali, "sunayen fa?"

"Kamar na bara."

"Ai sashe na uku a gidanmu na yi shi. Lokacin da ofis ya ce babu kuɗin kwalabe…"

"Sa'ada, Sa'ada." Ya gutsiri goro. "Alhaji ritaya zai yi, yana bukatar ƙarin girma kafin ya sauka. Ke yarinya ce, gaba ta fi baya yawa. Kuma mace da kunya aka san ta. Ladanki yana wurin Allah."

Yana magana jan yawun goro ya faɗo a shafin farko. Ya sa babban yatsa ya murje, ya miƙo mata. Ta karɓa da bakin mayafi.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Dakta ya tsayar da gemu, ya kuma ɗauki karatun hadisi bayan azahar a ƙarƙashin darbejiyar ofis. Ranar ma ta tagar ɗakin wake ta jiyo shi. "Hadisin da aka yar da mutum ɗaya daga jerin masu ruwaito shi," in ji shi, "ba a kafa hujja da shi. Amana ce, jama'a!" Masinjoji da direbobi suka amsa da "Na'am, Malam." Sa'ada ta miƙe. Ta rufe tagar duk da zafin da ake yi, ta gwammace warin wake.

Da la'asar ta matsu a bayan mota inda aka ware wa mata, ta sauka Kabo, ta wuce shagon buga takardu na Barira, ƙawarta tun sakandare. Babu wuta, janareto yana ta tari.

"'Yar wake ta iso," Barira ta ce. "Matsa can, kada ki sa mini ƙwari a kwamfuta."

Sa'ada ta zauna ta fara jera manazarta, tana duba kowace aya da waƙafi. Aikin yana mata daɗi, irin daɗin tsince shinkafa. Har ta iso kan takardarsu ta bara. Ta buga Maikuɗi, ta buga Hambali, ta buga Ɗayyabu. Yatsunta suka tsaya.

Barira ta leƙo ta kafaɗarta. "Ina naki?"

"Ga shi nan zan buga." Ta buga et al.

"Wannan ne sunanki? Innarki Uwaliya ta san an sake miki suna? Ai da an yanka rago mun ci."

"Ƙa'idar mujalla ce."

"Mujallar ce ta sa ki ta huɗu?"

Sa'ada ta koma kan takardar. Ta gangara zuwa sashe na uku. Waken gonar mahaifiyarta ne, kwalaben kuma na man shafawa ne da ta bi gida-gida ta tara. Ita ta daka 'ya'yan darbejiya ta tatsi man, ta gauraya wani waken da shi, wani da toka. Inna Uwaliya ta yi wata da watanni tana kwana da ɗacin abin a ɗakinta, tana mita, tana kuma korar kaji daga kwalaben. Babu ƙwayar wake ɗaya ta ofis a ciki.

"Ba ni wani faifan kwamfuta," ta ce.

Ta kwashe sashen gaba ɗaya ta mayar can, ta ɗinke abin da ya rage har ba a ganin tabo.

Barira ta daina dariya. "Ran da ya gane, ba zai rubuta miki takardar shaida ba. Kuma a ofis ɗin nan za ki ci gaba da gaishe shi."

"Na sani."

"To, ashe kurman ruwa ce ke, shiru sai zurfi."

Washegari ta kai wa Dakta takardar. A mota ta shirya abin da za ta ce in ya tambayi sashe na uku: gaskiya za ta faɗa, ko da muryarta za ta yi rawa. Ya buɗe shafin farko, ya ga sunaye a jere yadda ya bari, ya gyaɗa kai. Ya lashi yatsa ya tsallake tsakiyar gaba ɗaya, ya sauka kan manazarta, yana bin su da farce.

"Madalla! Ko waƙafi ɗaya bai kauce ba. Kin ga abin da nake faɗa wa Alhaji, wannan fannin naki ne."

Ta tsaya tana jira. Ya sa hannu a takardar, ya jefa ta a tire, ya jawo jarida.

Ashe ko karantawa ba ya yi. Duk tsoron da ta kwana da shi ya zube, ya bar mata ƙyama kawai, irin wadda take ji in ta fasa ƙwayar wake mai kyan baya ta tarar da gari da tsutsa.

Ranar kasuwa ta koma shagon Barira ta ƙarasa tata takardar. A shafin farko ta buga S. Haladu, babu kowa a gabansa, babu kowa a bayansa. Dole ta ambaci aikin bara a manazarta, ta kuwa ambace shi yadda mujalla ta ce: ukun nan, da sauransu. Ta liƙe ambulan, ta nufi gidan waya kafin a tashi.