Sawu a Kan Aoraki

Tun yana saurayi Murray Galbraith ke kiwon tumaki a gindin dutsen Aoraki, bai taɓa marmarin hawansa ba sai da gwiwa ta fara yi masa tsiya. Nan fa ya tuna yana da suruki mai sana'ar kai mutane sama.

Rawiri, mijin 'yarsa, ya ce a jira ƙanƙara ta kama jiki, wadda ta zuba kwanan nan gari ce kawai. Murray ya ce shi ma ai masanin ƙanƙara ne, kullum yana ganinta ta taga. To, wa ke jayayya da uban matarsa? Suka ɗaura igiya ɗaya a ƙugu, suka hau.

Gab da ƙololuwa Rawiri ya ja burki. Mutanen ƙabilar su Rawiri ba sa taka can. Aoraki kakansu ne, ƙololuwar kuwa kansa ce. Mahaifin Rawiri ya tsufa a dutsen nan, a daidai nan yake juyawa.

"Baba, mun iso."

"Mun iso ina? Ga saman can ina kallo."

"Can kan kakana ne."

"To kakan naka ya sha furfura. Matsa, yaro, ban jawo gwiwar nan tun daga ƙasa don in gaishe shi a wuya ba."

Ya wuce yana haki, ya buɗe hannuwa wai a ɗauke shi hoto, har da ja da baya don ya fito da kyau. Ashe abin da ya taka ba dutse ba ne, tulin sabuwar ƙanƙara ne da iska ta liƙa a gefe. Masani ya ɓace, sai ihu.

Igiya ta fizgi Rawiri. Daga inda yake ba hanyar jawo shi, dole ya hau. Ya kafa takalminsa mai ƙayoyin ƙarfe a tsakiyar kan kakan nasa, ya ja har tafinsa ya tsage. Yana ja yana neman gafarar kakansa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Murray ya fito fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Ya yi tari, ya taɓa haƙoransa na roba ya ji suna nan, sannan ya dubi inda Rawiri ke tsaye, ya washe baki.

"Ka gani ko? Kai ma ga ka a kai. Me ya same ka?"

Rawiri ya durƙusa yana share sawunsa da hannu. Ƙayoyin sun huda da zurfi, sawun ya ƙi sharuwa.