Gyaran da Ke Bakin Salima

…kuma ga shi ya tashi. Rubutu na gangarowa a fuskar ordinata, kwamfutata, tsarin da ke tafiyar da na'ura ya hau kan sabuwar furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ko suna ba a raɗa mata ba, lamba kawai. Wata da watanni ina fama, yau ya tashi, nan ɗakina a Sabon Gari, rana tsaka, fanka sai juya zafi take. Wa zan gaya wa? Ba kowa. Na sa hannu a kontira, yarjejeniyar rufe baki: ba hoto, ba bayani, ko sunan kamfanin — sai ranar da ta fito kasuwa. Yaushe? "Za mu sanar da ke, Madam Salima."

Waya kuma. Yaya Idirisa. Ba zan ɗauka ba… na san maganar. Famfunan Jiratawa. 'Yar na'urar da ya haɗa wa manoma, mai kunna ruwa ta kashe, da wannan tsarin take aiki, na kowa da kowa, wanda ya so ya buɗe ya gyara. Tana cikin aiki sai ta sandare, ruwa ya tsaya, ba wanda ya sani. Tumatirin Baba Wada ya ƙone. Har an fara cewa Yaya ya cuce su.

Ni kuwa na ga ciwon, shekaranjiya. Tsohon kuskure ne a sashen ƙirga lokaci, sabuwar furosesar ce ta tona shi, saboda yadda take — a'a. Ka ji, ko a cikin kaina birki nake takawa.

Gyaran layi kaɗan ne. In na tura wa jama'a, za su ce a kan me kika gwada? In na ba Yaya a ɓoye… shi? Shi da ya zaunar da ni gaban tsohuwar ordinatarsa a Tibiri, yana cewa, "Abin da kika gano ki mayar wa mutane, haka muka same shi." Kafin la'asar zai baza wa duniya, har da sunana, don alfahari.

Na nemi izinin kamfanin. Lauyansu yana nazari.

Kuskuren ba nasu ba ne. Gyaran fa? Ni na gano, amma a kan kayansu…

Dashen albasa ya matso. Jiya, muryar Yaya ƙasa-ƙasa: "Ƙanwata, ko kin hango wani abu?" Na ce zan duba.

Zan duba. Shiru kawai suka ce in yi. Ƙaryar ba su nema ba — ni na ƙara da kaina…