Amsoshin Da Na Raɗa Wa Ilya

Ƙanena Ilya ya yi shekara goma sha huɗu yana wasan ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana karo da juna kamar raguna. Shi ne kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa abokansa, kuma shi ne duk ƙartin ɗaya ɓangaren ke neman su danne. Da ya fara a wani ƙaramin kulob kusa da gidanmu a Stains, a gefen Paris, dariya na yi masa. Na ce duk wasannin duniya bai ga na zaɓa ba sai wanda ƙwallonsa ma ba ta iya gangarawa daidai. Mahaifiyarmu kuwa har ta koma Maraɗi ta rasu ba ta gane abin da yake yi ba, cewa take auta ya tafi dambensa.

Daga Stains ya tafi Kanada, ya yi shekara biyu a kan benci yana kallon wani yana wasa. Ya dawo ya faɗa rukuni na biyu a Jamus, daga nan Finland na wata huɗu, sai Ostiriya, sai wani gari a Poland da har yau na kasa faɗin sunansa. A ɗauke shi saboda kwatabak na farko ya ji ciwo, na farko ya warke, a yi masa godiya a raka shi tashar jirgi. Rigunan kulob takwas ne a jaka ƙarƙashin gadona, don bai taɓa daɗewa a ɗaki ɗaya har ya rataye su ba. Na yi masa faɗa har bakina ya gaji. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a arewacin Paris, na san abin da karo ke yi wa ƙwaƙwalwa, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Bara, yana da shekara talatin da uku, wani kulob na Lyon ya ɗauke shi a matsayin na farko. Ya kama gida a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, shi da matarsa Asma, har ya sayi labule, abin da bai taɓa yi ba. Suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe, wanda za a buga a wani fili a gefen Paris ranar Lahadi da rana. Ya samo mini katin tsayawa bakin fili a matsayin mai taimakon jinya, sannan ya kira ni a waya.

"Yaya Zuwaira, tunda nike ban taɓa hwara wasan ƙarshe ba, balle in ƙare shi da ƙahwata. Ko mi za ya hwaru, kar ki bari su hidda ni."

"Kai ka ji ka! In wani abu ya same ka, ni ce ta farko da za ta ja ka waje."

Ya yi dariya, ya ce da Faransanci d'accord, wato ya yarda.

Wasan kashi huɗu ne. A kashi na uku wani ƙato ya zo masa ta baya, ƙeyarsa ta daki ƙasa, na ji ƙarar hular daga inda nake. Ya tashi da kansa, amma sai ya nufi bencin abokan hamayya, ya yi taku uku kafin wani ya juyo da shi. Na ga irin wannan tafiyar a wurin aiki ba sau ɗaya ba.

Dokar wasan ta ce duk wanda ya bugu a ka sai likita ta duba shi, in ya kasa amsa tambayoyinta ya gama wasa ke nan. Likitar wata matashiya ce mai natsuwa, ba ta kowane kulob ba ce. Ta zaunar da shi, ta cire masa hula, ni kuma na durƙusa da tawul ina share masa fuska. Ta jero masa tambayoyi uku da Faransanci: a wane gari muke, kashi na nawa ake, wa ya ci maki na ƙarshe.

Ilya ya dube ni, idonsa kamar na wanda aka tasa daga barci. Ya ce a hankali, da Hausa, "Yaya, ina muke?"

A nan ya kamata in miƙe in ce wa likitar bai san inda yake ba. Kalma biyar ce, na san su. Amma shekarun nan goma sha huɗu suka tsaya mini a wuya, da tashoshin jirgin, da benci. Sai na ji bakina yana cewa, da muryar lallashi, "Sannu auta, sannu. Garin da nike aiki muke. Kashi na ukku a kai. Ku kunka ci na baya." Ban ambaci sunan Paris ba don kada ta ji. Wannan dabarar ita ta fi ci mini rai har yau, domin ta nuna ba ruɗewa na yi ba, tunani na yi.

"Me kike ce masa?" in ji likitar.

"Addu'a ce irin tamu."

Ta sunkuyar da kai, ta ja da baya don girmamawa, ta jira har na gama. Sannan Ilya ya ba ta amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ta haska idonsa, ta sa ya tsaya da ƙafa ɗaya, jikin ɗan wasa ya yi abin da ya saba. Ta miƙa masa hularsa.

Ya koma fili ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Saura minti biyu ya jefa wata doguwar ƙwallo da ta ba su nasara, kuma yana sakinta aka sake kai shi ƙasa. Ya tashi, ya ƙare wasan da ƙafarsa, aka ɗaga shi sama ana ihu. Ni ma na yi ihu, kada in yi wa kaina ƙarya. Suna shiga ɗakin canza kaya ya fara amai, daga nan ya sulale. A asibiti aka ce jini ya zuba a cikin kansa, bugu na biyu ya samu wurin da na farko ya riga ya taɓa. Ya yi kwana goma sha ɗaya a can.

Mako uku bayan sallamarsa na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Na isa da azahar na tarar da falon duhu, don haske na sa masa ciwon kai. Asma ta tare ni a ƙofa da wata takarda. Ta ce mutanen kulob za su kai ƙarar likitar da ta bar shi ya koma wasa, kuma suna son in sa hannu a matsayin shaida tunda ina wurin, ga shi aikina ne. Na ce ta bari in fara gaishe shi.

Yana zaune a kujera, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi aiki da gajiyar hanya. Sannan ya ce, "Yaya, an ce mu munka ci, amma ni ban tuna komi ba, ko shigata hili. Ke kina wurin. Ƙaƙa anka yi likitar nan ta bar ni na koma?"

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har ƙaryar addu'ar. Ina magana ina ganin Asma tsaye a ƙofar kicin, takardar a hannunta.

Ya dube ni, ya ce, "Ni na roƙe ki?"

"A waya ka roƙe ni. A wurin ba ka roƙi komai ba, tambayata ka yi ina muke."

Ya kama hannuna ya riƙe. "Ba komi, Yaya. Na yahe miki. Ça va, ya wuce." Sai na ji wani sanyi a ƙirjina, na ji kunyar sanyin kuma, na yi kuka kamar ba ni ce babba ba. Asma ta kawo shayi ta ajiye a gabana ba tare da ta dube ni ba, ta ninke takardar, ta koma kicin.

Muka sha shayin. Ya tambaye ni ko har yanzu lif ɗin hawa bene na gidanmu na Stains na lalacewa, na ce kullum. Ya yi murmushi, ya ajiye kofi, ya juyo gare ni da fuska a sake.

"Yaya, an ce kina wurin ranar. Ƙaƙa anka yi likitar nan ta bar ni na koma?"

Na dubi ƙofar kicin. Asma ta daina wanke-wanke, tana saurare. Na ajiye kofina, na gyara zama, na sake farawa tun daga kashi na uku.