Shaidar Ido Ɗaya

Ranar da za a saurari ƙarar da aka kai maƙwabcinsa mai walda, mai gyaran agogo ya shirya kamar mai zuwa biki. Wani direba ne ya ce mai waldar ya mare shi har kunnensa ya toshe, don ya ajiye mota a ƙofar shagonsa. In magana ta tabbata, sai gidan yari. Shi kuma mai agogo an aiko masa da sammaci ya zo ya ba da shaida, tunda teburinsa yana daf da wurin.

To shi abin da ya sani da shaida, ka miƙe ka faɗi halin mutum. Don haka ya tsara jawabinsa tsaf: yadda Tartsatsi, haka yake kiran mai waldar, ya goya shi a babur zuwa asibiti ranar da jiri ya kayar da shi, da yadda bai taɓa jin ashar a bakinsa ba.

"Maigida, kotu aka ce fa, ba wa'azi ba," in ji matarsa. "Ka taƙaita."

"Ke dai miƙo min hulata."

A ɗakin shari'a fanka tana ta kuka a sama, benci ya cika. Aka rantsar da shi. Lauyar gwamnati ta matso, yarinya ce sa'ar 'yarsa.

"Baba, ka ga lokacin da ya mare shi?"

"Ranki ya daɗe, wannan bawan Allah, tun da nake zaune da shi..."

"Baba," alƙali ya katse shi a hankali, "ba halinsa ake tuhuma ba. Me idonka ya gani?"

Nan jawabi ya watse. Gaskiyar magana, a lokacin idonsa na hagu a rufe yake, na dama kuma yana cikin gilashin aiki, ya duƙufa a kan cikin wani tsohon agogo. Ƙara kawai ya ji. Ya dubi Tartsatsi, wanda ya sunkuyar da kai a akwatin tuhuma. Cewa "bai mare shi ba" ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma bakin da ya yi rantsuwa bai ko bushe ba.

"Ban gani ba," ya ce. "Na dai ji tas." Sai ya ji kamar ya saki hannun abokinsa a tsakiyar kogi.

Lauyan da ke kare mai walda ya tashi. "Tas ɗin mari, Baba?"

"Ɗana, layinmu komai tas yake yi. Ƙofar mota tas, kwano tas."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da alƙali ya zo yanke hukunci, ya ce doka tana ɗaukar mutum marar laifi har sai mai ƙara ya tabbatar da laifin, ba wanda ake tuhuma ne zai wanke kansa ba. Shaida ɗaya aka kawo, shi ma bai gani ba. Ya sallami mai walda.

A bakin ƙofa Tartsatsi ya riƙo hannun mai agogo da tafinsa mai kaushi.

"Ido Ɗaya, ashe makantarka tana da rana."

"Rufe min baki. Na zo da alherinka cike da ciki, an hana ni sauke ko ɗaya."

"Ajiye shi sai ranar jana'izata." Suka ɗan taka kaɗan. "Ba ka tambaye ni ko na mare shi ba."

Mai agogo ya juya maganar a ransa. Yana son sani, ba ƙarya. Amma ya tuna alƙali ma, da duk ikonsa, bai tilasta wa mutumin buɗe baki ba.

"Wanda ya fi ni kujera bai matsa maka ba," ya ce. "Tayar da babur, akwai agogon mutane a buɗe."