Masarar Yaya a Bayan Ƙofar Ruwa

Mai kula da ƙofar ruwa ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma har gobe yayarsa na kiransa Auta, a gaban 'ya'yansa, a gaban manyansa na hukumar ruwa ma. Ba ya jin haushi. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi ta wankau da tallan ganye har ya gama makaranta. Idan ta ce masa zauna, kafin ya yi tunani gwiwoyinsa sun riga sun lanƙwashe.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Kogi ya bi ta gefen gari, an yi masa doguwar jinga don kada ya afka wa unguwar gangare. Kafin ya iso gidaje akwai ƙofar ƙarfe a jikin jingar, bayanta kuma wani faffaɗan kwari ne da hukuma ta ware. Idan ruwa ya taɓa jan layin da ke jikin ƙafar gada, sai a ɗaga ƙofar, kogi ya juye rararsa a kwarin, unguwa ta tsira. Ruwan ma ba asararsa ake yi ba, ƙasa ke shanye shi a hankali ta ajiye wa rijiyoyi. Da wani ƙaton sitiyari ake ɗaga ƙofar, mai mariƙi biyu, don tun asali mutum biyu aka ƙera wa shi.

To, sai aka jera shekaru ana fari. Kogi ya rame har awaki na tsallake shi ba su jiƙa ciki ba. Jan layi ya koɗe. Allon da aka rubuta an hana shuka a kwarin ya faɗi, wani mai rabo ya ɗauke ya yi wa kajinsa ƙyaure da shi. Ɗan Adam kuwa ba a fi shi mantuwa ba. Gonar Yaya ta kan tudu ta ƙi ba da komai, ta leƙa kwari ta ga danshi, ta shuka masararta hankali kwance.

Auta ya gani, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya je gidanta da niyyar magana, ta dire masa abinci, ta tambayi ciwon bayansa, ya ci ya tashi da maganarsa a ciki. Da ya koma ya faɗa mata a fakaice, sai ta yi dariya ta ce kogin da bai isa wankin zane ba shi zai ci gona? Daga nan ya ja bakinsa. Ya ci gaba da shafa wa sitiyari giris, yana roƙon Allah kada ranar ta zo.

Ranar da ta zo kuwa, ko gajimare babu a sama. Ba a nan aka yi ruwan ba, can inda kogin ya taso aka kwana biyu ana sheƙawa. Da hantsi abokin aikinsa, wanda aka tura taimako a babbar madatsa, ya bugo waya ya ce ruwa na tafe, hanya kuma ta yanke, ba zai iya dawowa ba. Auta ya tsaya a kan jinga yana kallon kogi ya yi jawur, yana tafe da rassan itace da robobi. Ta ɗaya gefen masarar Yaya ce, kore shar, ta yi goyo, saura kaɗan a karya.

Bai aika mata ba, amma labari ba ya jiran aike. Sai ga ta tana hawo jinga da ƙyar, takalmi ɗaya a hannu.

"Auta, dubi masarar nan da idonka. Ita ke nan abincina na bana. Ka ɗan jinkirta, wataƙila ruwan ya tsaya."

"Yaya, ya taɓa layi. In ban buɗe ba, ta gangare jingar za ta fashe, kuma can mutane ne, ba masara ba."

"Ni ba mutum ba ce ke nan?"

Gaba kura, baya sayaki. Tunda yake bai taɓa ce mata a'a ba, sai ya ji kalmar ta yi masa nauyi a baki, don haka bai faɗe ta ba, ya juya kawai ya kama mariƙin sitiyari. Ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ƙarfen ya yi ƙara, ya motsa kamar taƙi ɗaya, ya dawo inda yake, saboda ruwa ya danne ƙofar. Ya sake gwadawa, sai bayan nan nasa ya amsa, ya durƙusa yana cije leɓe. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan jingar nan babu kowa sai su biyu.

Yaya ta tsaya tana kallonsa. Daga inda take ana hango unguwar gangare: shanya a kan igiyoyi, rufin ƙaramin asibiti, wata mata tana kora tumaki kamar ba abin da ke faruwa. Ko su ta kalla, ko ba su ba, shi bai sani ba. Abin da ya gani shi ne ta yar da takalmin, ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Tashi. Tun kana ƙarami ba ka iya ɗaga kaya ba, kullum da baya kake yi. Sa ƙafa, ka bar bayan nan ya huta."

Ta kama ɗaya mariƙin. Ita ke ba da murya, shi yana bi, kamar dā lokacin da suke jan guga tare. Sitiyari ya fara juyawa, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya kutsa ta ƙarƙashi da rugugi. Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ta kalli kwarin ba. Shi ne ya kalla, ya ga masara tana sunkuyawa layi bayan layi, har ya zama sai tukkayenta kawai ake gani. Da suka gama ta goge giris a jikin zanenta, ta ɗauki takalminta.

"Shi ke nan, ma'aikaci, ka yi aikinka."

Unguwa ta tsira. Ruwa ya tsaya ƙasa da bakin jinga, washegari ya fara ja da baya. Mutane suka yi ta zuwa yi masa godiya, yana amsawa a baki, zuciyarsa kuwa ba daɗi. Ya ce musu da Yaya aka buɗe, wasu suka je can ma, ta ce ita ba ta san zancen ba. Ya raba hatsin gidansa biyu ya kai mata, ta karɓa, ta ce an gode, ma'aikaci. Wannan sunan ya fi ciwon bayan yi masa zafi. Ya gwammace ta zage shi tas, ta kira shi Auta.

Abu ɗaya ya iya yi, ya yi shi. Ya dinga sintiri a ofishin hukuma har suka gaji da ganin gemunsa, suka yarda cewa da damina kwari na kogi ne, amma da zarar ruwa ya janye, kowa na iya shuka. Ruwan kuwa ya janye ya bar baƙar laka mai laushi. Rani ya yi tsanani a shekarar, sai dai rijiyoyin da ke kewayen kwarin ba su ƙafe ba, guga ma ba ya nisa. Daga kan jinga yana hango Yaya a sunkuye cikin kunyoyi, albasa da tumatir da kabewa sun rufe inda masara ta kwanta.

Wata safiya yana tsugune yana shafa wa sitiyari giris, ya ji an dire kwando a bayansa. Albasa ce manya-manya, a samanta kuma gwangwanin jan fenti da buroshi.

"Auta, wannan layin naka ya koɗe, daga kwari ba na hango shi. Ka sake shafa masa, in riƙa sanin lokacin kwashe kayana. Kuma bana in abokin naka ya sake maƙalewa, ka aiko a kira ni da wuri, kada ka karya mini baya a banza."

Ya ce to, Yaya. Ya kai hannu zai share ido, ya manta da giris ɗin, ya damalmale fuskarsa baƙi ƙirin. Ta yi tsaki, ta kama shi ta haɓa, furfura da komai, ta shiga goge masa da bakin gyalenta.