Cikin Rigar Auta

Tun daga bakin ƙofar ɗakin taron Auta ta fara dariya, ita kanta ba ta san abin da ke ba ta dariyar ba. Ulu ne ko'ina. An jera shi a tebura, an rataye shi a igiyoyi, an cika kwanduna da shi har yana gangarowa ƙasa. Wata mata ta wuce ta gabansu tana tafe tana saƙa, tana ƙirga idon saƙa da baki, ko gabanta ba ta kallo, mutane na darewa suna ba ta hanya kamar motar asibiti.

"Rufe bakin nan, kada ƙuda ya faɗa," in ji Gwaggo.

Taron shekara ne na ƙungiyar masu saƙa ta yankin, kowane reshe ya ciko motarsa ya zo. Gwaggo, ƙanwar mahaifin Auta, ita ta koya mata riƙe tsinke, ita ce kuma dattijuwar reshensu. Yaya kuwa, yayar Auta, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta san kan tsinken saƙa daga gindinsa ba. Ta biyo su ne kawai don ta ji an ce ana sayar da jakunkuna.

Yau ne za a duba aikin Auta. Dokar ƙungiya ita ce, duk mai son zama cikakkiyar 'yar ƙungiya sai ta saƙa riga da hannunta, ta shigo da ita a jikinta, ta wuni da ita cikin jama'a ba cirewa, don a ga yadda take zama a jiki. Da yamma sai ta tsaya gaban alƙalai. In ta ci, a ba ta bajo, baɗi ta kafa nata teburin a cikin masu sayarwa. In ta faɗi, sai wata shekarar. Teburin nan kuwa ya daɗe yana hana Auta sukuni, har ta zaɓi zanen da za ta shimfiɗa a kansa.

Rigar tata ta sanyi ce, mai ratsi-ratsi: shuɗi, ja, kore, ruwan ƙwai, ruwan toka, a sake komawa shuɗi. Duk inda ta gifta sai an waiwayo. A layin masu sayarwa wata doguwar mata mai wushirya, wadda kowa ke kira Mai Ulu, ta yafito ta.

"'Yata, matso in gani. Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Hannunki ya faɗa. Dubi ido duk kansu ɗaya." Ta shafa kafaɗar rigar. "Allah dai ya sa cikinta ma haka yake, don Juya-Mini ba ruwanta da waje."

"Wace ce Juya-Mini?"

"Shugabar alƙalai mana. Tun da nake zuwa taron nan ban taɓa jin ta ce wa mutum sannu ba. Kina shiga za ta ce, cire ki juya mini ita."

Dariyar Auta ta ɗauke kamar an ɗauke wuta.

Abin da ya faru shi ne, duk inda mai saƙa ta canja launi sai ta yanke zare, guntun ya rage yana reto a cikin riga. Shi ake kira jela. Ƙa'ida ita ce a zura kowace jela a allura, a bi da ita ta bayan saƙar har ta ɓace. Aiki ne mai cin rai, babu mai son sa. Auta a cikin mota ta ƙarasa wuyan rigarta, ta zura ta a kan doguwar rigarta, ta ce wa zuciyarta ai ciki ciki ne, wa zai gani.

Gwaggo ta ɗaga gefen rigar kaɗan, ta leƙa, ta sake shi a hankali kamar wadda ta buɗe tukunya ta tarar da maciji.

"Auta, wannan riga ce ko gemun bunsuru?"

"Ba ki ce mini ana juyawa ba, Gwaggo."

"Ban taɓa ce miki ana rufe ƙofar banɗaki ba, amma ai kina rufewa."

Yaya ta dafa teburin Mai Ulu tana dariya har dunƙulen zare biyu suka gangara. Mai Ulu ma ta leƙa, ta yi salati ƙasa-ƙasa, sannan ta ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, ta ga abin da ya fi wannan. Da aka tambaye ta a ina, sai ta ce ba ta tuna ba.

Cire rigar dai ba zai yiwu ba, don akwai 'yan sa-ido masu jan ƙyalle a damtse suna zagaye, wadda suka gani ba rigarta an soke ta ke nan. Banɗaki kuma layi ne har waje. Gwaggo ta dubi agogon bango, ta tambayi Auta a wane aji ta rubuta sunanta cikin azuzuwan koyon saƙa na taron.

"Ajin dunduniyar safa."

"Benci ne ko kujeru?"

"Benci."

"To, na baya namu ne."

Mai Ulu ta bar wa maƙwabciyarta tebur, ta ɗebo allurai masu ƙaton ido, suka ɗunguma.

Ajin ya cika maƙil. Malamar tana gaba da wasu manyan tsinkuna kamar taɓare, da zare mai kaurin igiya, don na baya su gani. Auta ta zauna a bencin kusa da na ƙarshe, ta miƙe baya, ta riƙe safarta. Su uku suka jeru a bayanta. Gwaggo ta shiga ta ƙasan rigar, Mai Ulu ta gefe, Yaya ta zura hannu ta wuya.

"Ke Yaya, kin iya kuwa?" Auta ta tambaya ba ta juyo ba.

"Ni da nake ɗinke mutum mai rai yana ihu, zare ne zai gagare ni?"

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, Auta ba ta jure cakulkuli. Da hannun Mai Ulu ya kai haƙarƙarinta sai ta yi wani ƙara irin na buta in ta tafasa. Ta cije leɓe. Ta cije safa. Kafaɗunta suka kama rawa, ido ya fara zubewa daga tsinkenta ɗaya bayan ɗaya.

"Mai rigar ratsi a can baya," in ji Malamar, "akwai abin dariya ne a dunduniya?"

"Babu, Malama."

"Su waye waɗannan a bayanki?"

"Ni ma'aikaciyar jinya ce," in ji Yaya, hannunta har gwiwa a cikin wuyan Auta. "Ina duba mata baya ne."

"Sauran biyun fa?"

"Masu riƙe ta," in ji Gwaggo.

Malamar ta dube su ta saman tabarau, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta koma kan taɓarenta. Matan bencin gaba kuwa sun riga sun gane. Sai suka ɗan matsu, suka baza mayafai, suka yi katanga. Wata ta miƙo almakashi ta ƙarƙashin benci. Haka aka ci gaba, Gwaggo na gunaguni, Yaya na cewa ta gama kafaɗa a ba ta wani wurin, Auta na hawayen dariya. Aka tashi daga ajin ba ta san ta inda ake juya dunduniya ba, amma da ta shafa cikin rigarta sai ta ji sumul.

"Kun ga an ɗan matse a baya," ta ce.

"Tsoro ne," in ji Gwaggo. "Yana kumbura mutum."

Ɗakin alƙalai ƙarami ne, tebur ɗaya, mata uku a bayansa, ƙofa a buɗe, 'yan rassa sun cika bakinta suna leƙe. Ta tsakiyar 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa. Ba ta ɗago kai ba.

"Cire ki juya mini ita."

Auta ta kama gefen rigar ta ja sama. Doguwar rigarta ta ciki ta biyo, har idon sawunta ya bayyana. Ta saki da sauri. Ta gyara tsayuwa, ta riƙe ta cikin da hannu ɗaya, ta ja ta wajen da ɗaya. Babu wadda ta yarda ta bar 'yar'uwarta. Ta gwada zare hannu guda, kafaɗa ta ce sam.

An ɗinke ta a ciki.

Alƙaliyar hagu ta ce alƙalaminta ya faɗi, ta shige ƙarƙashin tebur, tebur ya kama girgiza. A bakin ƙofa wata ta toshe baki da dunƙulen ulu. Auta kanta ta ji dariyar na tasowa, tana haɗuwa da kuka, ta rasa wanda za ta bari ya fara fita. Teburinta na baɗi kawai take gani ana naɗe masa ƙafafu.

Juya-Mini ta zamo daga kujera, ta zagayo. Ta ce Auta ta durƙusa, sannan tsohuwar ta ɗaga bayan rigar iya inda ya ɗagu, ta sa kai.

"Wannan hannun na san shi," ta ce daga ciki. "Yana matse zare kamar da shi aka yi faɗa. Kina nan, tsohuwa?"

"Ina nan, Shugaba," in ji Gwaggo daga ƙofa, muryarta ta zama ta 'yar firamare.

"Wannan kuma mai gaggawa ce, hankalinta na kan teburin da ta bari."

Mai Ulu ta ɓoye wushiryarta da mayafi.

"To wannan fa? Wa ya ƙulla ƙulli a cikin saƙa, ya haɗa da rigar ciki, ya ƙara wani ƙullin a kai?"

Yaya ta ɗaga yatsa.

"Aikin me kike yi?"

"Jinya."

"Na tabbata marasa lafiyarki ba sa warwarewa. Shigo ki kwance abinki."

Yaya ta shigo, ta durƙusa, ta dinga tsince ƙullinta da bakin allura tana cewa ita fa aiki mai ƙarko ta sani. Da ƙyar aka raba Auta da rigar. Juya-Mini ta shimfiɗa ta a tebur, ta daɗe tana kallon wajen, ta ja ratsin ta saki, ta auna hannayen biyu da juna. Sannan ta juya ta.

"Doka ta ce aikin hannu ɗaya. Wajen nan hannu ɗaya ne, mai kyau kuwa. Cikin nan kasuwa ce."

Ta ɗauki allura ta fara zaro jelar da aka ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, ta Gwaggo, ta Mai Ulu, duka, har rigar ta koma yadda ta sauka daga mota. Ta tura wa Auta ita, da allurar a kai.

"Ga kujera. Mai shara zai kulle ɗakin nan in ya gama da babban. In kin gama kafin nan, zan duba. Wadda ta taɓa mata zare ɗaya, ita ma ta ajiye bajonta."

Auta ta zauna. Jelar farko sai da ta zame mata sau da yawa kafin ta shiga idon allura. Daga nan hannunta ya tuna aikinsa. An hana taɓawa, amma ba a hana baki ba, don haka ƙofa ta zama rediyo. Wannan ta ce ta bi ta ƙasa, waccan ta ce ta sama, wata daga wani reshe ta ce a wajensu a karkace ake bi, aka kusa raba faɗa. Gwaggo ta zauna a kan tafukanta don kada su ci amanarta. Yaya ta zama mai kawo labarin mai shara.

"Ya kai layin jakunkuna."

Can ta dawo.

"Ya kai wajen masu maɓalli. Na ce masa ya bar datti a baya, ya koma."

Shuɗi ya ƙare, ja ya ƙare. Daga babban ɗaki ana jin ƙarar naɗe tebura da jan kwanduna. Direban motar reshensu ya yi ta danna oda, babu wadda ta motsa. Yatsun Auta suka yi ja, wuyanta ya ƙage, amma abin mamaki sai ta sami kanta tana murmushi, don cikin rigar ya fara fitowa fes, ratsi na bin ratsi, har ta ji kamar ta sa ta a haka. Tana soke jelar ƙarshe tsintsiya ta leƙo ƙofa.

Juya-Mini ta karɓa. Ta rufe ido, ta bi cikin da tafin hannu, daga wuya zuwa ƙasa, daga hannu zuwa hannu. A hammata ta tsaya. Ta zaro wata 'yar jela koriya, ta ɗaga ta sama.

Matan ƙofa suka miƙo wuya. Mai shara ya karkaɗa makullansa.

"Malam, akwai ƙura a bayan ƙofar can," in ji Juya-Mini, ba ta ko dube shi ba. Ta miƙa wa Auta allura. "Ina jira."

Auta ta zura, ta bi da ita, ta yanke. Tsohuwar ta buɗe jakarta, ta ajiye bajo a kan rigar, ta ce wa ta ƙarƙashin tebur ta fito haka nan, an tashi.

Auta ba ta san sa'ad da ta ratsa matan ƙofa ba, kowa na ja mata kumatu. Ta fito babban ɗakin, wanda yanzu ba komai a cikinsa sai guntayen zare a lunguna. Ta wuce tsakiya, ta wuce wajen ƙofa don nan ake turereniya ranar taro, ta je daidai babbar taga inda haske ke faɗowa. Ta tsaya, ta ware hannuwa tana auna faɗin teburinta na baɗi.

"Baiwar Allah, matsa in kulle," in ji mai shara.

"Yanzu, Baba," ta ce. Ta ɗan ƙara matsawa hagu, ta sake aunawa.